Anki a ajin Faransanci: abin da na gani bayan zango uku

Shekaru na yi ina fama da ranar Litinin. Ranar Alhamis in koyar da kalmomi 15, ɗalibai su maimaita, su rubuta, su amsa duk tambayar da na jefa musu, in fita aji raina fes. Litinin in dawo in nuna taga in ce, "To, wannan fa?" sai aji ya yi tsit. Can wani ya ce, "Malam, tana bakina," amma ba za ta fito ba. Kalmar la fenêtre da muka yi ta rerawa kwana huɗu da suka wuce ta bi iska. Haka nake cinye kusan rabin darasi ina ɗebo abin da ya zube, sauran rabin kuma in zuba sabo a kwandon da na san yana yoyo. Maganar da nake so mu yi da harshen, wadda ita ce dalilin zamanmu a ajin, ba ta samun wuri.

Wannan ciwon ne ya kai ni ga Anki. Yanzu na yi zango uku ina amfani da ita da ɗalibaina matasa masu fara koyon Faransanci, kuma ina ganin na tara abin da ya isa in faɗa wa 'yan uwana malamai.

Anki manhaja ce ta katunan hadda. Kati yana da fuska biyu, gaba tambaya, baya amsa. Wani mai suna Damien Elmes ne ya ƙirƙire ta a 2006, sunan kuma daga harshen Japan yake, yana nufin hadda. Ana sauke ta kyauta a kwamfuta, ko Windows ce ko Mac ko Linux. Ta wayar Android, wadda ake kira AnkiDroid, ita ma kyauta ce, 'yan sa-kai ne ke kula da ita. Ta iPhone ce kaɗai sai an saya. Akwai kuma shafin AnkiWeb da ke haɗa katunan waya da na kwamfuta su zama ɗaya. Da zarar katunan sun shiga waya, ba a bukatar intanet kafin a yi bita, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga malamin da ba ya so ɗalibi ya zo masa da uzurin rashin data.

Sirrin manhajar yana cikin lokacin da take dawo da kati. Ɗalibi zai ga tambaya, ya nemo amsar a kansa, sannan ya buɗe baya ya duba. Daga nan sai ya danna ɗaya daga maɓallai huɗu: na manta, na tuna da ƙyar, na tuna daidai, ko ya yi mini sauƙi. In ya manta, katin zai dawo masa cikin mintuna kaɗan. In ya tuna, sai gobe. Gobe in ya sake tunawa sai bayan kwana uku ko makamancin haka, sannan mako guda, sannan kusan mako uku, tazarar tana buɗewa kusan ninki biyu da rabi a kowane karo, har kati ya kai ga sai bayan watanni zai sake leƙowa. Manufar ita ce a tare kalma a bakin ƙofa, daidai lokacin da take shirin ficewa daga kai.

Dabarar ta girmi kwamfuta. Tun a 1885 wani Bajamushe masanin halayyar ɗan Adam, Hermann Ebbinghaus, ya wallafa gwajin da ya yi a kan kansa da gaɓoɓin sauti marasa ma'ana, inda ya nuna cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'i da kwanakin farko, daga baya sai ta rage sauri. A 1972 Sebastian Leitner, shi ma Bajamushe, ya bayyana tsarin akwatuna: katin da aka sani ya matsa akwatin gaba wanda ba a cika buɗewa ba, wanda aka manta ya koma na farko. Sai Piotr Woźniak na ƙasar Poland ya mayar da lissafin cikin kwamfuta da manhajarsa SuperMemo a 1987, kuma a kan wannan lissafin nasa, da ake kira SM-2, aka gina Anki. Ranar da na karanta labarin Ebbinghaus na ji kamar mutumin ya taɓa zama a ajina ranar Litinin.

Zangon farko ban yi shi daidai ba, kuma zan faɗi yadda aka yi don kada wani ya bi sawuna.

Na zauna a hutu na kwashe duk kalmomin littafin karatunmu na zuba su a kati, kalma a gaba, fassara a baya, na kuma sa kowane kati ya riƙa zuwa ta fuska biyu. Na raba wa ɗalibai kundin, na bar saitin yadda ya zo, wato sabbin katuna 20 a rana. Makon farko murna kowa yake yi, don katuna 20 ba su wuce minti biyar. Abin da ban lissafa ba shi ne kowane sabon kati bashi ne da za a yi ta biya. Jagorar manhajar ma ta faɗa ƙarara cewa mai ɗaukar sabbin katuna 20 kullum ya sa ran bitarsa za ta kai wajen 200 a rana. Ni ne ban karanta ba. Kafin wata guda ya cika, aikin minti biyar ya zama na fiye da rabin awa, ga yaran da ke da wasu darussa takwas a kansu.

Ba na manta wata ɗaliba, cikin masu ƙoƙarin ajin, da ta tsaya bayan kowa ya fita. Ta yi jinyar mako guda ba ta taɓa waya ba. Ta miƙo mini wayar ba tare da ta ce komai ba, na duba na ga katuna sama da 600 suna jiran ta. Sai ta ce, "Malam, don Allah ko in goge in sake daga farko? Duk sanda na buɗe sai gabana ya faɗi." Na ce ta zauna. Muka mayar da sabbin katuna sifili, muka yi yarjejeniyar minti 15 kacal a rana, ko ta gama ko ba ta gama ba. Cikin kwana goma sha wani abu tulin ya narke. Amma a ranar na gane cewa na ɗora wa yara kaya ba tare da na ɗaga na ji nauyinsa ba. Wasu biyar ko shida da ba su zo sun same ni ba, shiru kawai suka yi suka daina buɗe manhajar.

Matsala ta biyu ta fi wannan zurfi. Ko waɗanda suka jure, abin da suka samu bai kai wahalarsu ba. Yaro ya san livre na nufin littafi, amma bai san ko le ne ko la ba, wato ko sunan namiji ne ko mace, don ban sa a katin ba. A Faransanci kuwa wannan ba ado ba ne: le livre littafi ne, la livre kuma ma'aunin nauyi ne ko kuɗin Ingila. Yaro ya san aller na nufin tafiya, amma in ka ce ya faɗi "ta tafi jiya" sai ya ce elle a allé, don katin bai taɓa nuna masa cewa wannan aikatau da aikatau mai taimako être yake tafiya ba, elle est allée. Sun tara tubali da yawa, ba su da laka.

A zango na biyu na rushe komai na sake gini, kuma daga nan ne kwalliya ta fara biyan kuɗin sabulu. Na rage sabbin katuna zuwa 8 a rana. Na kafa doka cewa babu abin da zai shiga kati sai mun ji shi, mun faɗe shi, mun yi amfani da shi a aji. Suna ba ya shiga shi kaɗai, sai da un ko une a gabansa, masu nuna jinsinsa. Aikatau ba ya shiga sai cikin jimla. Anki tana da wani nau'in kati da ake rubuta jimla a ɓoye kalma ɗaya a ciki, ɗalibi ya cike gurbin, kuma shi ne ya zama abin hawana. A maimakon a tambayi yaro ma'anar aller, sai ya ga "Hier, elle ... allée à la gare", ya nemo abin da ya ɓata. Bayan ya gamu da irin wannan sau biyar ko shida cikin wata biyu, kunnensa da kansa yake ƙin elle a allé tun kafin ya tuna doka.

Sannan na sa murya. Kowane kati yana karɓar sauti da hoto. Wasu kalmomin na ɗauko furucinsu daga Forvo, shafin da masu harshe ke naɗar kalmomi da bakinsu, wasu jimlolin kuma ni na naɗa da wayata. Faransanci harshe ne da rubutunsa da furucinsa suka yi hannun riga a wurare da yawa. Wanda ya haddace les amis da ido kawai ba zai san akwai sautin z da ke haɗa kalmomin biyu ba, kuma ba zai san cewa ils parlent da il parle furucinsu ɗaya ne ba. Katin da babu murya a kansa yana iya dasa kuskure ya kuma riƙa ba shi ruwa kullum.

Abu na ƙarshe da na sauya, wanda ya fi sauran tasiri, shi ne na daina yin katunan ni kaɗai. Minti biyar na ƙarshen kowane darasi, aji ke zaɓar jimloli takwas daga abin da aka yi a ranar. Sau da yawa jimlar da wani ya faɗa ce aka gyara masa. Mutum biyu ke da alhakin shigar da su a kowane mako, ni in duba rubutu in sa murya in tura wa kowa. Yaro in ya ga jimla a wayarsa da daddare ya tuna wanda ya faɗe ta da dariyar da aka yi a lokacin, ba ya bukatar ganin ta sau goma kafin ta zauna.

Inda na fi yin mamaki shi ne wajen al'ada. Da farko na ɗauka kati ba shi da abin cewa a nan, don al'ada ba kalma ba ce da za a juya a ga amsarta a baya. Har yanzu ina kan wannan ra'ayi da rabi. Amma akwai wani ɓangare na al'ada da ke zaune a kan harshe, wanda sai ya zama jiki kafin ya yi amfani, kuma a nan bita tana aiki.

Ɗauki tu da vous. Duka biyun "kai" ko "ke" ne, amma tu na aboki ne da ɗan uwa da yaro, vous kuma na baƙo da babba da wanda ake girmamawa. Bayanin ba ya cin minti biyu, kowa ya gane. Amma in an zo magana, bakin ɗalibi tu yake kamawa, don shi ya fi sauƙi, shi kuma ya fi ji a aji. Sai muka fara yin katunan yanayi. A gaba hoton dattijuwa a tashar jirgin ƙasa, da umarnin "tambaye ta ƙarfe nawa". A baya, "Bonjour madame, excusez-moi, vous avez l'heure ?" Wani katin hoton yaro ne ɗan shekara bakwai, tambaya ɗaya, amsa daban. Muka kuma yi doka cewa in ka tsallake bonjour, ba ka ci katin ba ko da sauran jimlar daidai take, domin a Faransa wanda ya tunkari mutum da tambaya, ko a kanti ko a kan hanya, ba tare da wannan gaisuwar ba, ana ganin ya yi rashin ladabi.

Wajen ƙarshen zangon, wata baƙuwa Bafaranshiya ta yarda ta yi hira da ajin ta bidiyo na minti 20. Wani yaro da ba ya cika magana ya miƙe, ya soma da "Bonjour madame," ya buɗe baki zai ce tu, na ga leɓensa ya tsuke, sai ya tsaya, ya haɗiye, ya ce, "Est-ce que vous aimez votre travail ?" Tsayawar nan ta rabin daƙiƙa ita ce abin da na yi shekaru ina nema. Matar ba ta ma lura ba, ta amsa masa kamar yadda za ta amsa wa kowa.

Katunan sun kuma taimaka mini wajen nuna cewa Faransanci ba na Faransa kaɗai ba ne. Lokacin da muka zo ƙidaya, ɗalibai suka yi ta ƙorafi kan 70 da ake cewa soixante-dix, wato sittin da goma, da 90 da ake cewa quatre-vingt-dix, wato ashirin huɗu da goma. Sai na gaya musu cewa a Beljiyam da Suwizalan septante da nonante ake cewa, a wasu sassan Suwizalan ma har 80 huitante ne. Muka yi katuna masu tuta a kusurwa, lamba ɗaya, amsa ta danganta da tutar. Daga baya na riƙa yanko gajerun jimloli daga shirye-shiryen koyon Faransanci na tashar talabijin ta TV5Monde da labaran RFI na sauƙaƙan Faransanci, don su ji muryoyi iri-iri, har da na mutanen Kebek ta Kanada da na Senegal. Amma a fahimce ni, bidiyon da muhawarar da ke biyo bayansa a aji su ne darasin al'adar. Kati yana riƙe wutsiyar abin ne kawai don kada ya kuɓuce.

Akwai abubuwan da malami ya kamata ya sani kafin ya shiga. An gina Anki ne don mutum ɗaya mai karatun kansa, ba don aji ba. Babu wani shafi da malami zai buɗe ya ga wanda ya yi bita da wanda bai yi ba. Ni abin da nake yi, duk ranar Litinin kowa ya buɗe shafin ƙididdigar wayarsa, in zaga in duba, minti uku sun isa. Sannan ɗalibi ne ke yi wa kansa hukunci. Ba manhajar ke cewa ka ci ko ka faɗi ba, kai ke dannawa. Na kama wani yaro yana danna "ya yi mini sauƙi" a kan komai don ya gama da wuri, har katunan da bai sani ba suka tafi sai bayan watanni. Ban yi masa faɗa ba. Na ɗauki katuna biyar daga cikinsu na tambaye shi a baki, ya amsa ɗaya, sai ya yi shiru ya ce, "Malam, kaina na cuta." Tun daga nan ba na ba da maki a kan yawan katunan da aka yi, don duk abin da aka ɗora wa maki za a nemi hanyar zagaye shi.

Fuskar manhajar kuma ba ta da ado. Babu tsuntsu mai tafi, babu kambun zinare, babu gasar mako irin ta manhajar koyon harsuna Duolingo. Wasu ɗalibai sun ce tana kama da takardar jarrabawa. Ni wannan bai dame ni ba, hasali ma na fi son haka, domin yaro ya san abin da ya kawo shi ya yi ya rufe. Sai dai saitunanta suna da yawa, kuma malami ne ya kamata ya zauna da kowa ranar farko ya daidaita masa, kada a bar yaro ya yi ta lalube.

Wani abu da na ƙaunace shi: in ɗalibi ya manta kati ɗaya har sau takwas bayan ya taɓa sanin sa, manhajar tana yi masa alama, tana ma iya ajiye shi gefe, tana kiran sa da sunan matsattsaku, wato mai shan jinin lokaci. Da na fara tambayar ɗalibai su nuna mini nasu, sai na ga kusan rabin ajin abu ɗaya ke kayar da su, dessus da dessous, sama da ƙasa. Ashe ba hadda ba ce matsalar. Kunnuwansu ba sa bambance sautin u na Faransanci da sautin ou. Na ajiye littafi muka yi darasi guda cur a kan leɓe da harshe: ka ce i, ka bar harshenka inda yake, ka tsuke leɓe kamar mai fito. Muka yi ta rue da roue, tu da tout, kowa na kallon bakin maƙwabcinsa. Da ba don wannan jerin katunan da aka ajiye ba, da na ci gaba da ɗauka lalaci ne.

Tun daga ƙarshen 2023 an sa sabon lissafi mai suna FSRS a cikin manhajar, wanda ke duba tarihin bitar mutum ya daidaita tazara da yadda kansa ke riƙe abu. Na kunna wa kaina da manyan ɗalibai, kuma mun ji bitar ta ɗan yi sauƙi. Kundayen katuna da wasu suka shirya suka zuba a AnkiWeb kuwa suna da yawa, wasu masu kyau, wasu da kurakurai. Ba na bai wa masu farawa su.

Abin da Anki ba za ta taɓa yi ba shi ne sa yaro ya yi magana. Ina da ɗaliba da ba ta taɓa tsallake rana ba tun zango na biyu, kanta cike da jimloli, amma in aka haɗa ta da wani su yi hira sai muryarta ta maƙale. Maganinta yana cikin aji, cikin yawan faɗa da kuskurewa a gaban mutane har kunya ta gaji ta tafi. Alherin da manhajar ta yi mini shi ne ta ba ni lokacin yin hakan. Minti 20 ɗin da nake kashewa da ina tono kalmomin makon jiya, yanzu na wasan kwaikwayo ne da tambaya da amsa da gardama kan bidiyo.

In kai malami ne mai aji da littafi da tsarin karatu, kuma ɗalibanka na iya samun waya ko kwamfuta na minti 10 zuwa 15 a rana, ina ba ka shawarar ka gwada. Ka fara da kanka tukuna, wata guda, da wani harshen da ba ka iya ba, don ka ji yadda tulin kati yake a wuya. In kuwa abin da kake nema manhaja ce da za ta koyar da darasi daga farko, ta yi bayani, ta gyara furuci, to ba wannan ba ce.

Zango mai zuwa ina so in rage sabbin katuna zuwa 6, in kuma bar ɗalibai su naɗi jimlolin da muryoyinsu bayan na gyara musu furuci. Yaron nan da ya haɗiye tu ɗinsa shi ya fara kawo shawarar, kuma ya riga ya nemi a ba shi makon farko.